Leshin Teburin Tsigi

Yaya ne ya jawo rigimar, kuma har yau bai yarda ba. Yaya kafinta ne, irin wanda idan ka ba shi gyaran ƙafar kujera sai ya dawo maka da sabuwar kujera da nasiha a kai. 'Yarsa, wadda muke kira Tsigi saboda ƙanƙanta da yawan tsalle, ta ce tana son gidan 'yartsana. Wani uban da kwali zai yanka ya huta. Shi kuwa sati uku ya yi yana fama, ya fito da gida mai hawa biyu, da matakala, da tagogi masu buɗewa. A falon har da tebur mai ƙafa uku, faɗinsa bai wuce murfin kwalbar lemo ba.

Muka taru muna yabo. Tsigi ta durƙusa, ta leƙa falon da ido ɗaya, ta daɗe. Sannan ta ce, "Baba, teburin tsirara yake."

Ba laifinta ba ne. A gidanmu ba a barin tebur haka nan. Kan talabijin akwai ɗan leshi mai da'ira, ƙarƙashin agogo akwai, ƙarƙashin kwalbar furen roba akwai. Da za ka daɗe zaune wuri ɗaya, kai ma sai an shimfiɗa maka ɗaya a ka. Duk aikin Kaka ne, uwar babanmu. Ba da allura take yi ba. Wata 'yar ƙoshiya ce mai siffar kifi, tsawon ɗan yatsa, zare naɗe a cikinta. Za ta zagaya zaren a yatsun hagu, ƙoshiyar ta shiga ta fita, ta shiga ta fita, ƙulli na bin ƙulli, sai ta ja ka ga ɗan zobe ya rufe. A gefen kowane zobe tana barin 'yan madaukai, su take kira kunnuwa. Ta cikin kunnen nan ake zura 'yar ƙugiya a jawo zare a haɗa zobe da zobe, har abu ya zama leshi.

Tsigi ta ɗauki teburin a tafin hannu ta nufi ɗakin Kaka, ni kuma na bi ta don ba na son labari ya wuce ni.

"Kaka, ki yi masa riga."

Kaka ta lalubi teburin, ta juya shi, ta mayar mata. "Na rufe gwangwani, 'yar nan. Ki sa ƙyalle."

"Ƙyalle ai na goge-goge ne."

"To ki goge shi."

Shekara biyu ke nan Kaka ba ta yi leshi ba. Ido ne. Tabarau ɗin da likita ya ba ta yana nuna mata fuskokinmu, abin da ta ce ba ta roƙa ba, amma siririn zare ya fi ƙarfinsa. Duk da haka gwangwanin kayan aikinta na nan gefen matashinta, wani lokaci sai ka ji ta buɗe tana shafa ƙoshiyoyin. Shi ya sa gabana ya faɗi da na ji ta kira matar Yaya da yammar nan ta ce, "Ki gaya wa mai ɗinkin bakin layi ta zo jibi da yamma ta kwashe wannan tarkacen. Zaren zai yi mata amfani. Na gaji da yara suna tuna mini."

Na san Kaka. Ranar da gwangwanin nan ya bar ɗakin, ta gama ke nan, sai zaman kallon bango da jiran a kawo abinci.

Ni gyaran waya nake yi a kasuwa, Kaka kuma Aku take ce mini, wai tun ina goye bakina bai taɓa rufuwa ba. Washegari na ƙi fita da wuri. Na shiga ɗakinta, na buɗe gwangwanin a gabanta, na ɗauki ƙoshiya.

"Me kake yi?"

"Gado nake ci tun kina raye. Kafin mai ɗinki ta zo na iya."

Dabarata ita ce in yi ta ɓarna har ranta ya ɓaci ta ƙwace. Ban ma sha wahalar yin ɓarnar ba, da kanta ta zo. Na naɗe zare a yatsuna kamar mai karaya, na yi ƙulli takwas, na ja. Zoben ya ƙi motsi.

Kaka ba ta ko kalle ni ba. "Ƙullinka bai juya ba."

"Ina zai juya ya je?"

"Sai ka saki hannun hagu, ƙullin ya tsallaka kan ɗaya zaren. In ɗaya tak ya ƙi tsallakawa, zobe ba zai rufu ba ko za ka ja da mota. Kuma wannan dabarar taka, Aku, ni na yi wa ubanka ita lokacin da ya ƙi koyon ɗaure takalmi. Ba ni nan, kana ɓata mini zare."

Ta karɓa. Ta rufe ido ma don ta ƙara ci mini fuska. Ƙoshiyar ta fara 'yar ƙararta, ƙyas, ƙyas, hannun nan kamar jiya ya ajiye aikin. Kafin in gama gyara zama zobe ya rufe da kunnuwansa shida. Na fara murna. Ta soma zobe na biyu, ta zo wurin haɗi, ta ɗauki ƙugiya tana neman kunne. Ta soka, iska. Ta sake, ta soki yatsa. A na uku sai ta ajiye mini komai a cinya.

"Ka ga inda aka tsaya. Hannu yana nan, ƙofar ce ba na gani. Rufe mini gwangwani."

Na rufe. Amma ina hanyar kasuwa abin ya faɗo mini. Ni da nake haɗa wayoyi sirara kamar gashin jariri, da idona nake gani? A bencinmu akwai gilashin ƙara girma, faɗinsa kamar faranti, da fitila zagaye da shi. Matsalar ɗaya ce. Dogo, abokin aikina, ya ɗaure shi a bencin da kusoshi huɗu tun ranar da wani ya ara ya dawo da shi bayan wata guda. Na ce masa zan cire na kwana ɗaya. Ya ce in cire bencin duka, da rumfar, da shi kansa a kai. To, tunda gilashi ba zai je wurin Kaka ba, Kaka ce za ta zo.

Ranar da mai ɗinki za ta zo, da safe, na shiga na ɗauki wayar Kaka ina girgiza kai.

"Wannan wayar ta kusa mutuwa. Sai an kai ta shago, kuma sai da mai ita, don sai kin sa yatsa za ta buɗu."

"Wayar da ko hoto ba ta ɗauka ce ta san yatsana?"

"An yi musu sabon ilimi."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ƙarya kake yi, kuma ba ka iya ba. Amma na gaji da ɗakin nan. Miƙo mini takalmina."

Tana juya baya na zura gwangwanin cikin jakata, na kuma zare ɗan leshin da ke ƙarƙashin agogo.

A bas ta gyara wa direba tuƙi sau biyu. A kasuwa kuwa na kama hannunta muka ratsa layin masu caja da masu gilashin waya, kowa na tambaya ko sabuwar ma'aikaciya na ɗauka. Dogo na ganinta ya miƙe har ya bugi rufin rumfar, ya goge kujera da hannun rigarsa.

"Sannu da zuwa, Kaka. Ashe Aku yana da dangi na kirki."

"Ni ma mamakin nake yi, ɗana. Ina inda ake sa yatsan?"

Na kunna fitilar, na jawo gilashin gabanta, na sa hannunta a ƙarƙashi. Ta leƙa. Ta janye da sauri, ta sake leƙawa.

"Wannan yatsan waye?"

"Naki."

"Duk wannan tsagar? Kuna kallo ba wanda ya ba ni mai?"

Dogo ya juya baya yana tari. Ni kuma na zaro leshin agogo na shimfiɗa a wurin hannun, ban ce komai ba, wanda a wurina babban aiki ne. Kaka ta sake leƙawa. Zare ya zama igiya a idonta, kowane ƙulli zaune daram kamar ɗalibi a aji. Ta bi su da farce tana motsa baki. Ta zagaya rabi, sai ta tsaya.

"Wa ya taɓa mini wannan?"

"Ba wanda ya taɓa."

"Nan ƙulli biyar ne. Shida ya kamata." Ta sake ƙirgawa. "Shekara talatin yana ƙarƙashin agogo, baƙi na shiga suna fita, da ƙulli biyar."

"Ba wanda ya lura, Kaka."

"Ni na lura yanzu. Ina gwangwanin da ka sato? Tun a bas nake jin ƙararsa a bayanka."

Na miƙa mata. Ta zaɓi ƙoshiya mafi ƙanƙanta da wani farin zare siriri, ta tambayi faɗin teburin Tsigi, Dogo ya ɓalle murfin lemo ya ajiye mata a gefe. Ta sa hannu biyu ƙarƙashin gilashi ta fara. Ƙyas, ƙyas. Mai sayar da caja na gefe ya leƙo. Wata mata da ta kawo wayar da ta faɗa cikin bokiti ta ce in bari tukuna, ba sauri take ba.

Zoben tsakiya ya rufe da kunnuwa takwas. Ta soma na biyu, ta zo wurin haɗi, ta ɗauki ƙugiya. Yanzu tana ganin ƙofar sarai. Ta kai bakin ƙugiyar daidai kan kunnen. Ta ƙi shiga. Ta juya ta, ta ƙi. Ta gwada kunne na gaba, haka. Duk takwas ɗin ta bi, ba wanda ya karɓa.

Ta ajiye ƙugiyar a hankali. "Shekara hamsin ina yin kunne daidai ƙwayar shinkafa, wannan ƙugiyar na shiga. Yau na yi daidai shinkafa, ta ƙi. To hannun ma ya tafi ke nan." Ta fara naɗe zaren. "Kai ni gida, kar mai ɗinkin nan ta zo ba na nan."

Na sunkuya na dubi aikin ta gefen gilashin, da idona kawai. Da ƙyar na ga kunnuwan. Sai dariya ta kama ni, na yi ta yi har na riƙe benci.

"Dariya kake mini?"

"Kaka, shinkafar wa kika auna? Dogo, ba ni ƙwayar shinkafa."

Dogo ya buɗe kular abincinsa ya ɗauko ɗaya. Na sa ta ƙarƙashin gilashi kusa da zoben. Ta fito kamar matashin kai.

"Gilashin nan sau biyar yake ƙara abu. Ke kin yi kunne daidai shinkafar da kika saba gani, a cikin gilashi. A waje ko ƙwayar gishiri ta fi shi. Hannunki bai tafi ba, wuce gona da iri ya yi. Ba ki taɓa yin aiki siriri haka ba."

Ta dubi shinkafar, ta dubi zoben. Na ga gefen bakinta yana so ya motsa tana hana shi.

"To sai me? Ƙugiyar dai ba ta shiga."

"Taki ce ba ta shiga."

Nan fa aka shigo gonata. Na ɗauko wata matacciyar wayar kunne, na feɗe ta, na zaro silin jan ƙarfe ɗaya, na lanƙwasa bakinsa da hantsakina, na liƙa gindinsa a tsinken ashana da ɗigon gam. Na sunkuya kusa da ita, kanmu biyu a gilashi ɗaya, na zura. Ya shige kamar gidansu. Na jawo zaren, ta wuce da ƙoshiya ta cikin madaukin, ta ja. Zobe ya kama zobe.

"Hm," in ji Kaka. A bakinta wannan lambar yabo ce.

Haka muka ci gaba. Ita ƙulli, ni haɗi. Idan ta zo wurin sai ta ce, "Ƙofa," in zura. In na yi jinkiri ta taka mini ƙafa. Ta hana ni magana wai numfashina na sa gilashi hazo, ta ce da ta san haka ake rufe bakina da tuni ta sayi gilashin. Mutane suka cika gaban rumfa. Wani ya tambayi Dogo wace irin waya ake gyarawa, Dogo ya ce sabuwar fita ce, ba ta iso ƙasar ba tukuna. Matar bokiti ta zama mai ƙirga, tana cewa "huɗu, biyar, shida" da ƙarfi, har Kaka ta ce, "'Yata, ko ke ko ni." A zobe na shida ƙulli ɗaya ya ƙi juyawa, ta gane tun kafin ta ja, ta karɓi hantsakina ta warware shi kamar ta shekara tana gyaran waya. Dogo ya ce in yi hankali da aikina.

Rana ta take tsaka lokacin da zobe na takwas ya kama na farko. Ta yanke zaren, ta ɓoye bakinsa, ta sa aka ɗiga masa ruwa, ta danne shi da yatsa a kan kati don ya kwanta. Sannan ta ture gilashin gefe ta gyara tabarau.

"Ina yake?"

"Ƙarƙashin yatsanki."

Ta ɗaga yatsan. Ga shi nan, fari tas, zobba takwas kewaye da ɗaya, girmansa kamar maɓallin riga. Kusa da murfin lemon da aka ajiye don awo, kamar ɗa da uba. Kaka ta yi ta kallon ɗan farin ɗigon da ba ta iya rarrabe komai a cikinsa, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda na manta tana da ita, kafaɗu na rawa, tana share ido da bayan hannu.

"Kowa ya riƙe numfashinsa," in ji Dogo, ya kawo 'yar ledar da muke sa ƙananan kusoshi muka zura shi ciki.

A gida Tsigi ta karɓi ledar da hannu biyu. Yaya da matarsa suka tsaya a kanta. Ta ɗora leshin a tsakiyar teburin, ta leƙa da ido ɗaya kamar yadda ta saba. Katako ya fito ta ko'ina a gefensa.

"Bai rufe ba," ta ce.

Yaya ya ce, "Sai in rage teburin."

"Kar ka taɓa mini tebur." Tsigi ta shiga kicin ɗin gidan 'yartsanar da yatsa biyu, ta ɗauko 'yar butar shayin da Yaya ya sassaƙa, ta ɗora a kan leshin. Daidai, kunnuwan na leƙowa ta ƙarƙashi. "Wannan na buta ne. Saura na tebur. Da na kujeru, guda huɗu. Da na kan gado."

"Ji mini yarinya," in ji Kaka. "An gaya miki ba ni da aikin yi?"

"Ba ki da shi ai."

Ana cikin haka mai ɗinki ta yi sallama, da jakarta a hannu. Matar Yaya ta dube ni, na dubi rufin ɗaki. Kaka ta buɗe gwangwanin a cinyarta, ta tsinto manyan ƙwallayen zare masu kauri guda uku ta miƙa mata.

"Ga waɗannan, 'yata, ki yi haƙuri da sauran. Sun yi mini kauri, ni yanzu ƙananan aiki nake yi."

Ta rufe gwangwanin ta zauna a kan maganarta. Mai ɗinki ta yi godiya ta tafi tana waiwaye.

Da safe na fito ina ɗaura agogo, na same ta a bakin ƙofa, ta yi shiri tsaf, jaka a kafaɗa, Yaya na tsaye bayanta rungume da kujera mai majingina.

"Ina zuwa haka?"

"Aiki. Waccan kujerar taku ta karya mini baya."

"Kaka, ni fa da gilashin nan nake cin abinci."

"Na yi magana da Dogo. Daga safe zuwa sha ɗaya nawa ne, ya ce kai dama ba ka yin komai a lokacin sai surutu."

"Yaushe kuka yi magana?"

Ta ɗaga mini wayarta. "Ashe lafiyarta ƙalau. Karɓi kujerar a hannun yayanka, kuma ka nemo wata wayar kunnen, ƙugiyarka ta jiya ta lanƙwashe."

Na saɓa kujera a ka na bi ta. Kafin mu kai bakin titi ta riga ta tsayar da bas.